Garar da ta ci ɗakin Yaya Hinde

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Hinde makwancinta a Dabawa. Gero ya fitar da kai a lokacin, bana ma ga shi ya fitar, shi ya sa kwanakin nan ta tsaya mani a rai. Ni ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a Barkiya ta ƙasar Kurfi aka haife mu. Ita ta goye ni, ita ta yi mani dukan da ya fi na kowa zafi, kuma har na yi furfura ina awon hatsi a kasuwar Dutsin-Ma ba ta daina ce mani “kai yaron nan” ba. Ba kuka na zo yi a shafin nan ba. Ta yi rayuwarta lafiya, ta ga jikoki, ta cika da kalmar shahada a bakinta. Labarin wata ƙarya da ta taɓa yi nake son in bayar, Allah ya yafe mata ita, don ni dai ban taɓa ganin ƙaryar da ta burge ni kamarta ba.

Yaya mace ce 'yar firit, ba ta da yawan magana sai in ni ta samu, amma tana da kunne. Daga tsakar gida tana iya gaya maka akuyar wa ke kuka a bayan gari. An aurar da ita ga Malam Isiyaku na Dabawa tun ina ƙarami, ta haifa masa 'ya'ya, na farinsu shi ne Sanusi. To, Yaya irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi Sanusi ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Wannan” take ce masa, in ta ga dama ta ce “mutumin.” Da yana yaro in zazzaɓi ya kama shi, kakarsa ce ke jinya, ita kuwa sai ta jawo turmi ta kama daka kamar ba ta san ana yi ba. Na sha ganin idonta ya yi ja a bakin turmin nan, in na tanka ta ce ƙaiƙayi ne ya faɗa mata.

Wani lokaci in na ga matan yanzu sun liƙa hoton ɗan farinsu a fuskar waya, suna kiransa da sunaye uku-uku a gaban surukai, sai in ce ina ma Yaya na nan. Na san abin da za ta yi. Za ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce duniya ta zo ƙarshe, sannan in ba kowa a wurin ta ce a miƙo mata wayar ta ga yaron da kyau. Ni ban ce na da ne daidai ba, ban kuma ce na yanzu ne ba. Abin da na sani shi ne, kunyar nan ta kusa sa Yaya ta zuba ido tana kallo ta rasa ɗanta.

Ga yadda aka yi. Da Sanusi ya girma ya yi iyali, sai ya sayar da shanun huɗarsu ya sayo 'yar ƙaramar tarakta da aka taɓa amfani da ita, irin wadda ba ta fi tsayin mutum ba. Yana yi wa gidansu noma da ita, yana kuma zuwa aikin kwangila har Shema da wajen Kurfi. Daga ranar sunansa a bakin Yaya ya koma “mai motar.” A bayan kujerar direba akwai wani ƙarfe mai kauri da ya tashi sama kamar bakin ƙofa, ƙafafunsa biyu an ɗaure su da manyan notika kusa da tayoyin baya. Yawancinmu mun ɗauka don rataye jarkar ruwa aka yi shi, ko a ɗaura buhu a samu inuwa.

Barin tarakta a waje kuwa ba ya yiwuwa, kowa ya san halin da ake ciki, kafin gari ya waye an kwance batir an yi gaba. Dole ta kwana cikin gida. Hanyar shiga ɗaya ce, ƙofar shanu da ke jikin zaure, wadda mahaifin Malam Isiyaku ya gina don bijimai da amalanke. Faɗinta ya isa, amma tsawonta bai isa ba, ƙarfen nan na tokarar azarar sama. Sai Sanusi ya samo dabara. Duk yamma in ya dawo sai ya zare notikan gaba, ya sassauta na baya, ya kwantar da ƙarfen, ya shige. Da safe ya fito, ya tayar da shi, ya mayar da notikan ya ɗan murɗa. Ran da yake sauri da hannu kawai yake murɗawa. Yau da gobe ramukan suka buɗe, noti ɗaya ya ɓace aka sa ƙarami a madadinsa, wani kuma aka ɗaure da waya. Ƙarfen ya koma rawa, in motar na tafiya kana jin ƙaf-ƙaf-ƙaf tun daga nesa.

Kowa ya saba da ƙarar, har yara na gane dawowar Sanusi da ita. Yaya ce kaɗai ba ta saba ba. Wata rana na kai mata ziyara, muna zaune tana tsince wake, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Kai yaron nan, wancan ƙarfen da ke kuka a bayan mai motar, na ado ne?” Na ce ban sani ba. Ta ce, “To kana zaune cikin birni ba ka san komai ba, amfaninka me? Bara kukansa daban, bana daban. Ka tambayo mani.”

Na je wurin wani bakanike da ke gyaran motocin noma a bakin hanyar Kurfi. Da na kwatanta masa sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce ƙananan taraktocin nan ba su da wuyar kifewa, taya ɗaya ta faɗa rami ko bakin kwari ya zabtare, shi ke nan. Ƙarfen shi ke dafe ƙasa ya hana motar danne direba, in yana ɗaure tamau kuma direban ya ɗaura bel. In kuwa yana rawa, to motar na kifewa zai karye daga gindi ya ninke a kan mutum, ga nauyin mota ga nasa. Ya ce a canza mazauninsa, a sa notika na ainihi, a ɗaure sau ɗaya, kada a sake taɓawa. Na koma na faɗa wa Yaya kamar yadda na ji. Sai ta ɗauki waken da ta tsince ta sake juye shi cikin wanda ba a tsince ba, ba ta ma lura ba.

Na fara da Sanusi. Ya yi dariya ya ce, “Kawu, shekara nawa ina tuƙa motar nan? Ni da na san kowane rami daga nan har Barkiya? In na ɗaure shi tamau, a ina za ta kwana?” Gaskiyarsa ce ta wannan gefen. Sai na tunkari Malam Isiyaku a kan a ɗaga azarar ƙofar. Akwai wasa tsakanina da shi, mijin yaya ne, na saba ce masa ya sace mana 'yar'uwa da sadakin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Ranar dai bai yi dariya ba. Ya riga ya kira magini, maginin ya ce ƙofar da zauren gini ɗaya ne, in aka taɓa azarar rufin zaure zai biyo ta. A zauren nan mahaifinsa ya karantar da rabin dattawan unguwar, a nan aka yi masa sutura. Malam ya ce, “Haladu, ina raye ba za a sa diga a jikin zauren nan ba. Rai kuma a hannun Allah yake.” Na ce haka ne, amma noti a hannunmu yake. Ya tashi ya ba ni wuri. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, har na yi wata guda ban taka Dabawa ba.

A gidan da ba kunya, uwa za ta fito tsakar gida ta ce ɗana ne, ban yarda ba, a rushe duk abin da za a rushe. Yaya ba za ta iya ba. Ta buɗe baki a gaban mijinta ta yi maganar lafiyar ɗan fari? Da ta yi haka gara ƙasa ta tsage ta shige. Ga shi damina na matsowa, lokacin da ƙasa ke laushi, bakin kwari ke zabtarewa, Sanusi kuma ya riga ya karɓi aikin gonaki da yawa. Kullum da safe tana jin ƙaf-ƙaf ɗin nan yana nisa har ya ɓace, ta wuni ba ta san ko za ta sake jin sa da yamma ba.

Sai rannan aka aiko mani wai in zo, Yaya ta fitar da kayanta. Na iske gadonta na ƙarfe, da akwatunanta, da kwanukan jerenta duk a tsakar gida cikin rana, ita kuma tana zaune a kan tabarma ta haɗe rai. Ta ce gara ta cinye azarar ɗakinta, tana jin su da kunnenta suna ci, ita ba za ta sake kwana a ciki ba, ba za a tono gawarta daga ƙarƙashin ƙasa ba. Aka shiga aka duba, ba a ga komai ba. Ta ce ai daga ciki suke ci. Wa zai yi musu da kunnen Inna Hinde a Dabawa? Aka ce to a canza rufin. Ta ce bangon ma sun shige shi, ɗakin ya tashi aiki.

Ɗakin nan shi ne mafi kyau a gidan. Yana da sanyi, ga iska, a ciki aka kawo ta tana amarya, a ciki ta yi jegon 'ya'yanta, da hannunta ta yi daɓensa. Kuma ban da zaure, shi kaɗai ne a duk gidan bayansa ke kallon babbar hanya, sauran ɓangarorin duk katangar maƙwabta ce. Ina tsaye ina kallon bangon sai abin ya faɗo mani. Na juya na dube ta. Ta watso mani harara irin wadda take yi mani tun ina yaro in na kusa yin ɓaranɓarama a gaban baƙi. Na gyara murya na ce wa Malam, tunda ɗakin ya mutu, me zai hana a fasa shi a yi babbar ƙofa, motar ta riƙa shiga da ƙarfenta a tsaye? Malam Isiyaku ya daɗe yana kallon matarsa, ita kuwa tana ta goge wani kwano da ba datti a jikinsa. Can ya ce, “To. A fasa.”

Da aka watse na matsa kusa da ita na ce, “Yaya, wace irin gara ce wannan da ba ta barin ƙasa a bango?” Ta ce, “Irin wadda za ta ci bakinka in ka sake magana.” Daga nan ban sake ba.

Aka rushe ɗakin, aka sa ƙyauren ƙarfe mai tsawo. Na kawo bakaniken nan har gida ya canza mazaunin ƙarfen, ya sa sababbin notika, ya ɗaure su da wata doguwar sufana har yana hawa kanta da ƙafa, ya gyara bel ɗin da ya daɗe a ƙarƙashin kujera ɓera na ci. Ƙarar ta ɗauke. Yaya kuma ta koma wani ɗan ɗaki kusa da madafi inda a da ake zuba dusa. Hayaƙi na shiga, da bazara kamar tanda. Sanusi ya yi ta cewa zai gina mata sabo, tana aika masa da amsa ta bakin matarsa cewa ita nan ya yi mata, kusa da wuta ya fi wa tsohuwa. Gaskiyar ita ce ba sauran fili a gidan, in za a gina sai an ci hanyar motar. A ɗan ɗakin nan ta ƙarasa shekarunta, kuma wallahi ban taɓa ganin ta cikin walwala kamar a lokacin ba. Ta yi ƙiba, ta koma tsokanar jikoki, har waƙar daka na ji tana yi.

Yanzu taraktoci sun yi yawa a ƙasarmu, ƙanana da manya. In na zauna a bakin shago ina ganin su suna wucewa, wasu an cire ƙarfen gaba ɗaya an kai wa maƙera, wasu yana nan yana rawa, an ɗora masa mutum biyu suna riƙe da shi sun ɗauka abin dogaro ne. Nakan tsayar da wanda na sani in yi masa faɗa, wasu su ji, wasu su ce tsohon nan ya cika sa ido. Da Yaya na nan da ba za ta tsayar da kowa ba. Za ta saurara daga cikin gida, ta ce motar gidan wane ba ta da lafiya, a je a faɗa wa uwarsa.

Shekara uku bayan rasuwarta abin da take tsoro ya zo. Sanusi na huɗa a wata gona a Barkiya, garinmu, a bakin wani kwazazzabo da ruwa ya ci ta ƙasa ba a gani. Yana juyawa a ƙarshen kunya sai bakin ya zabtare da tayar baya. Waɗanda ke wurin sun ce motar ta kwanta a gefe, ta ƙara mirginawa, tayoyi suka kalli sama. Suka sheƙo suna salati, ba wanda ya yi zaton zai iske mai rai. Ƙarfen ya nutse cikin ƙasa ya tsaya cak, bai karye ba, bai ninke ba. Sanusi na rataye a bel a tsakanin kujera da ƙasa, ya rungume sitiyari, yana ta kiran a kashe injin. Hannunsa na hagu ya karye, haƙarƙari ya bugu, shi ke nan abin da ya same shi.

Da aka sallamo shi daga asibiti na je jaje. An shimfiɗa tabarmi a inuwar babbar ƙofar, don nan ne ke da iska, mutane na shigowa suna barka da arziki. Malam Isiyaku na gefe, ya tsufa sosai, ido ya yi rauni, yana jan carbi. Sanusi da hannu a ɗaure yana ba da labari karo na ban san adadi ba, har ya fara sa masa gishiri. Sai ya ce, “Ni fa gara ce ta cece ni. Da ba ta ci ɗakin Inna ba, da har yau ina kwance ƙarfen nan ina mayarwa, da yanzu ana zaman makokina.” Aka yi dariya, ni ma na yi, na sunkuyar da kai.

Malam bai yi dariya ba. Ya tsayar da carbinsa ya ce, “Wace gara? Ni na sauke azarar ɗakin nan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Ko wadda aka lasa babu. Suna nan a rufin rumbu, je ka duba.” Ashe tun ranar da ta fitar da kaya ya gane, ya rufa mata asiri, bai taɓa nuna mata ya sani ba. Ni da nake ganin ni kaɗai ke riƙe da maganar, ashe mu biyu ne.

Sanusi ya dubi mahaifinsa, ya dube ni, ya dubi ƙasar da yake zaune a kai, wato inda gadonta yake a da. Ya ce, “Baba, ko sau ɗaya fa ba ta taɓa kiran sunana ba.” Malam ya ce, “Ba ta kira ba. Ɗakinta ta bayar.” Sai ga ƙaton mutum mai 'ya'ya ya ciro hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya ce ya yi haƙuri, muka bar shi ya yi mai isarsa. Ni ma ban tsira ba, na juya baya ina fyace hanci.

Idan aka ce me Yaya Hinde ta bari, ba wani abu mai yawa ba ne. Kwanukanta an raba wa 'ya'ya mata, gadon ƙarfen ya yi tsatsa, hotonta ɗaya ne kuma ta kawar da kai a ciki. Ba ta gina masallaci ba, ba ta je Makka ba, sunanta ba ya jikin komai. Abin da ta bari yana nan da ƙafafunsa, ya haura arba'in, ya fara tumbi, hannunsa na hagu ba ya miƙewa sosai in an yi sanyi. An gyara motar ya ci gaba da aikinsa, kuma bana babbar 'yarsa za ta shiga makarantar gaba da sakandare.

Ranar kasuwar da ta wuce ya tsaya a bakin shagona, ya bar injin na aiki, yana mitar tsadar mai da mutanen da ke son a yi masu huɗa su kaɗai a rana ɗaya. Mita ce mai ban haushi, na sha jin ta, amma na ja kujera na zauna na saurare ta tun daga farko har ƙarshe, ban katse shi ba. Da ya gama ya ce, “Kawu, ka yi shiru.” Na ce ina jin daɗin muryarka ne, Sanusi. Na kira sunan da ƙarfi, har maƙwabcina ya waiwayo.

Allah ya jiƙan Yaya Hinde, ya ba ta ɗaki mai sanyi a Aljanna.